Tela da Zaren Ƙasa

Akwai wani mutum a wani ƙauye, tela ne, sunansa Habila. Shekara ashirin yana kan keke a wata 'yar rumfa a bakin kasuwa. Rigunan makaranta, ankon biki, kayan Kirsimeti, duk wurinsa ake kaiwa. Hannunsa yana da kyau, wannan ba a musu. Aibinsa ɗaya ne, ba ya son abin da zai tsayar da shi. In ya ɗora ƙafa a kan keke, ko gaishe shi ka yi sai dai ya gyaɗa maka kai.

Mutanen ƙasar nan masara suke nomawa, suna kuwa girbe ta tun ruwa bai gama ɗaukewa ba. Saboda haka kowa yana bukatar tamfol na rufe amfanin gona. A kasuwarsu falle-falle ake sayar da shi, ba shi da faɗi, sai an kai birni a haɗa fallayen su zama babba guda. Habila ya daɗe yana kallon mutane suna wucewa ta gaban rumfarsa da tamfol a ka, za su birni. Abin yana cinsa a rai. Wata rana ya ce bari ya gwada da nasa keken. Allura ta farko ta karye, ta biyu ta karye, a ta uku keken ya yi wani irin kuka ya tsaya cik. Sai ya gane aikin ya fi ƙarfin keken riga.

Ya sayar da bijiminsa, ya shiga mota zuwa birni, ya yi ta tambaya har aka nuna masa shagon wani tsoho mai suna Baba Zakka. Tsohon nan kekuna yake sayarwa, amma da ƙuruciyarsa shi ma tamfol yake ɗinkawa, har yanzu tafin hannunsa kamar ƙirgi. Suka gaisa. Habila ya faɗi abin da ya kawo shi.

Baba Zakka ya yaye wani buhu, sai ga baƙin keke, ƙato, na ƙafa, wanda ba ruwansa da wuta. Ya ɗauko guntun tamfol ya ninka shi huɗu, ya sa a ƙarƙashin allura, ya taka. Allurar ta ratsa shi kamar ana ɗinka ɗankwali. Habila ya ji daɗi ƙwarai har ya kasa ɓoyewa, ya yi ta shafa keken. Tsohon ya nuna masa kaurin allurar, da wuraren ɗiga mai, da yadda ake ɗaga ƙafar da ke danne aiki. Habila yana ta cewa to, to, hankalinsa ya riga ya koma gida.

Sa'an nan tsohon ya sa hannu a ƙarƙashin keken, ya ciro ɗan kwarkwaron da ake naɗa wa zare, wanda yake ɓoye a ciki. Ya ɗora shi a tafin hannunsa, ya ce, “Ɗana, zauna tukuna. Saura magana ɗaya.”

Habila ya zauna, amma a bakin benci.

Baba Zakka ya ce, “Ka san kowane ɗinki zare biyu ne. Na sama yana saukowa da allura, na ƙasa yana fitowa daga kwarkwaron nan, su sarƙe a tsakiyar ƙyalle. Ga zaren tamfol, mai kauri, ruwa ba ya cinsa. Shi za ka sa a sama, shi za ka sa a ƙasa. Amma zan gaya maka gaskiya tun yanzu. Saboda kaurinsa, kaɗan kwarkwaro yake ɗauka, nan da nan ya ƙare. Za ka yi ta tsayawa kana cirewa, kana naɗawa, kana mayarwa. Zai ba ka haushi. In haushin ya zo, kada ka sa masa zaren riga.”

Habila ya yi dariya, ya ce, “Haba Baba! Shekara ashirin ina kan keke, yau za a koya mini kwarkwaro?”

Tsohon ya ce, “Shekara ashirin kana ɗinka abin da in hadari ya taso mai shi yake gudu da shi ɗaka. Yanzu za ka ɗinka abin da za a bari a waje.”

Habila ya ce ya ji. Ya sayi keken da manyan ƙullin zare biyu, aka kama masa aka ɗora a mota. Ran da ya iso gida, kasuwa ta watse zuwa rumfarsa. Mutum huɗu suka sauke keken. Tsofaffi suka sa albarka, masu gonaki suka fara cewa a sa su a layi.

To, Habila yana da wa wanda ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar mace mai suna Saraya da 'ya'ya biyar. Matar nan ba ta zauna tana kuka ba. Ita take noma gonar mijinta da hannunta, a shekarar nan kuwa Allah ya ba ta masara mai yawa, wadda za ta kai gidan har wata kaka. Sai dai rumbunta ya rushe a ruwan marka, ba kuwa a ginin rumbu sai rani. Ta jera itace a tsakar gida, ta tara masarar a kai. Abin da ya rage mata shi ne abin rufewa.

Tsakaninta da Habila akwai wasa irin na matar wa da ƙanin miji. Ba ta taɓa kiransa da sunansa ba, sai dai “mijina”. Ta zo rumfa da falle huɗu na tamfol a ka, ta sauke, ta ce, “Mijina, an ce ka auro amarya daga birni, baƙa, mai nauyin mutum huɗu. Na zo in ga ko ta iya aiki.”

Habila ya ce, “Uwargida, ai ke za ta fara yi wa hidima.”

Ta ce, “To, ka haɗa mini waɗannan. Abincin 'ya'yan wanka ne zai kwana a ƙarƙashi.”

Ya ce, “Ko kogi aka juye a kai, ƙwaya ɗaya ba za ta jiƙe ba. Jibi ki zo.”

Falle huɗu, mahaɗa uku ke nan, kowace mahaɗa kuma layi biyu ake bi. Washegari da safe ya fara. Ya sa zaren tamfol sama da ƙasa, yadda aka gaya masa. Keken yana tafiya, yana wata ƙara mai daɗin ji. Bai yi nisa ba sai kwarkwaro ya ƙare. Ya tsaya, ya janye tamfol ɗin mai nauyi, ya ciro, ya naɗa, ya mayar, ya gyara zama. Ya ɗan taɓa tafiya, ya sake ƙarewa. Wani karon ma bai lura ba, ya yi kamu uku yana takawa, allura tana huda tamfol a banza, babu abin da ke kama zaren daga ƙasa. Dole ya dawo baya. Kafin ya gama mahaɗa ta farko rana ta take tsaka, ya jiƙe da gumi, ransa a ɓace.

Ga kuma mutane sun zazzauna a benci da nasu fallayen, suna kallo. Wani ya ce, “Ashe keken birnin ma yana hutawa haka?” Aka yi dariya. Dariyar nan ta soki Habila.

Da suka tashi cin abinci, ya ja akwatin tsohon kekensa. Ga zaren riga nan cike, fari, launinsa ɗaya da na tamfol. Ya ce a ransa, “Na sama ai shi ne rana take duka, shi ne ruwa yake duka. Na ƙasa yana cikin inuwa, me zai same shi? Tsofaffi dai da tsoro.” Ya naɗa siririn zaren a kwarkwaro, ya ga ya ɗauki ninkin baninkin na ɗazu. Da farko ɗinkin ya ƙi zama, na sama yana fin ƙarfin na ƙasa. Amma Habila gwani ne. Ya murɗa nan, ya sassauta can, har ɗinkin ya kwanta sumul. Daga nan bai ƙara tsayawa ba sai jefi-jefi. Kafin la'asar ya gama mahaɗa biyun da suka rage, ya naɗe bakin, ya ninke. Masu kallo suka ce lalle keke ya yi.

Saraya ta zo a ranar da aka yi da ita. Habila ya buɗe mata gefen mahaɗa ta farko, ya ce ta ja. Ta kama da hannu biyu ta ja da ƙarfinta, ko motsi. Ta ce, “Kai, mijina, amaryar nan taka ta iya aiki. Allah ya yi maka albarka.” Ya amsa da amin. Sauran mahaɗa biyun bai ce ta ja ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ina za ta san zare? Fari ta gani sama, fari ta gani ƙasa.

Ta kai gida ta rufe masararta, ta ɗaure kusurwoyin da igiya, ta danne da duwatsu. Aka yi yayyafi sau biyu a makon nan, ta ɗaga ta duba, masara a bushe ƙayau. Hankalinta ya kwanta.

Ana nan sai aka aiko mata daga wani gari mai nisa, babbar 'yarta ta haihu, tana shan wuya. Saraya ta kai ƙananan gidan iyayenta, ta ja ƙyaure, ta tafi. Wata maƙwabciya ta ce, “Masararki fa?” Ta ce, “Habila ne ya ɗinka tamfol ɗin.” Iyakar amsar da ta bayar ke nan.

Kwana biyu da tafiyarta, da rana tsaka, hadarin ƙarshen damina ya haɗo daga gabas. Iska ta fara zuwa. Ta shiga ƙarƙashin tamfol ta kumbura shi, ta sake shi, ta sake kumbura shi, igiyoyi suna ja ta kowane gefe. Sa'an nan ruwa ya sauko, ya taru a kwarin tamfol ɗin, ya yi nauyi. Siririn zaren nan na ƙasa ya jiƙe, ya tsinke a wuri ɗaya. Da ya tsinke a nan, nauyin ya koma kan na kusa da shi, shi ma ya tsinke. Haka ya bi layi har ƙarshe. Mahaɗa biyu suka buɗe, ruwan da ya taru ya zube a tsakiyar masara. Aka kwana uku ana ruwa, ana rana mai zafi. Daga waje, ta kan danga, maƙwabta suna hango tamfol a shimfiɗe, suna cewa Saraya ta huta.

Ran kwana na bakwai ta dawo. Tun daga ƙofar gida wari ya tare ta. Ta yaye tamfol. Ta sama ta tsiro, ta tsakiya ta yi baƙi da fumfuna, tana zafi kamar an dafa. Gefe ɗaya ne kawai ya tsira, wanda yake ƙarƙashin mahaɗa ta farko. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, domin ta san gumin da ta zubar a gonar nan ita kaɗai. Da ta share hawaye, ta ga farin zaren sama, mai kaurin nan, yana reto a bakin mahaɗar da ta buɗe. Ta ja shi, ya biyo ta. Ta yi ta ja tana naɗawa a hannu, yana zuwa salin-alin, tun daga wannan kusurwa har waccan.

Ranar kasuwa ce. Habila yana kan keke, mutane cike da rumfa. Ya ɗaga kai ya gan ta, ya ce, “A'a, uwargida, saukar yaushe? Ya mai jego?”

Ba ta yi dariya ba. Ta warware zaren daga hannunta, ta ajiye a kan keken, ta ce, “Habila, ga zarenka. Ko wuri ɗaya bai tsinke ba.”

Tun da aka kawo ta gidansu amarya, ran nan ya fara jin sunansa a bakinta. Ƙafarsa ta tsaya a kan keke. Ya dubi zaren, ya gane abin da ya faru tun ba a gaya masa ba.

Wani daga cikin masu zama ya ce, “Ai na faɗa, kekunan birnin nan ba su da tabbas. An cuce ka, Habila.”

Ga ƙofar fita an buɗe masa, da ya so da ya bi. Kunya ta rufe shi. Sa'an nan ya miƙe, ya ce, “Keke ba shi da laifi. Wanda ya sayar mini ma ya gargaɗe ni. Ni na sa zaren riga a ƙasa, don na gaji da tsayawa.” Ya juya wurin Saraya, ya durƙusa a gaban mutane, ya ce, “Yaya, na yi miki laifi, na yi wa marayun wana laifi. Ki gafarta mini.”

Ta ce, “Na gafarta maka. Amma tashi mu je ka gani da idonka.”

Ya rufe rumfa ya bi ta. Suka yini suna tsince abin da zai tsintu. Ya ɗauko tamfol ɗin ya sake ɗinka shi, ya tsaya wa kwarkwaro sau nawa bai ƙirga ba. Ya raba hatsin gidansa biyu ya kai mata rabi. Duk da haka bai kai ba. Da damina ta zagayo, tun kafin shuka ta yi tsawon gwiwa, gidajen nan biyu sun koma cin tuwo sau ɗaya a rana. Saraya ta gafarta da gaske, ta ci gaba da zuwa rumfarsa, amma an daɗe kafin ta sake ce masa “mijina”.

Yanzu ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ku saurara da kyau.

Keken nan shi ne baiwar da Allah ya ba kowannenmu. Wani an ba shi murya, wani koyarwa, wani shugabanci, wata an ba ta gida da 'ya'ya ta riƙe. Baiwar ba ta da aibi, tana da ƙarfin ratsa duk abin da aka sa a gabanta. Tsohon mai kekuna shi ne duk wanda ya gaya mana gaskiya muka ce mun riga mun sani. Yawancinmu muna da irinsa, mun kuwa amsa masa daga bakin benci.

Zaren sama shi ne rayuwarmu da ake gani. Zuwa sujada ran Lahadi, waƙa a ƙungiyar mawaƙa, ɗaura ankon zumunta, doguwar addu'a a gaban jama'a. Ban ce waɗannan ba su da kyau ba. Zare ne mai ƙarfi, ku riƙe shi. Amma zare ɗaya ba ya ɗinki. Zaren ƙasa shi ne abin da ke tsakaninka da Allah inda ba mai ganinka: addu'ar da kake yi kai kaɗai, Maganar Allah da kake karantawa ba don za a tambaye ka ba, mudun da kake aunawa sa'ad da mai saye ya juya baya, yadda kake yi wa matarka magana bayan baƙi sun tafi.

Ku lura da abin da ya kayar da Habila. Ba ɓarawo ba ne, bai kuma ƙi Saraya ba. Tsayawa ce ba ya so. Zaren kirki ba ya daɗewa a kwarkwaro, haka aka yi shi. Addu'ar jiya ba za ta ɗinka maka yau ba. Dole ka tsaya, ka janye aiki gefe, ka sake cikawa, ko da mutane suna zaune a benci suna cewa ka cika jinkiri. Ni da nake muku wannan magana na san haushin nan. Akwai safiyar da nake tashi, gona tana jira, in ce wa kaina ta Lahadi ma ta isa. Wanda kuwa ya daɗe a cikin ikkilisiya ya fi kowa shiga hatsarin nan, domin ya iya murɗa nan ya sassauta can. Ya san inda ake cewa amin, ya san inda ake sunkuyar da kai, ɗinkinsa yana kwantawa sumul ko da babu kome a ƙasa.

Yayyafi ba ya tona irin wannan ɗinki. Ana iya shekaru ana yabonka. Amma hadari yana zuwa wa kowa, ko ciwo, ko rashi, ko jarabar da ta zo daidai inda kake da rauni. Ran nan za ka tarar sunanka yana nan a ikkilisiya, kujerarka tana nan, muryarka tana nan, ko wuri ɗaya ba su tsinke ba, ba su kuwa riƙe kome ba.

Akwai gafara, kun ga Habila ya roƙa ya samu, Ubangiji kuwa ya fi Saraya saurin gafartawa. In ka san abin da ka naɗa a kwarkwaronka, yau rana ce mai kyau ta farkewa a sake ɗinki, tun sama tana garau. Amma kada ka ce wannan tsakanina da Allah ne, ba ruwan kowa. Akwai waɗanda suka tara abin da suke da shi duka a ƙarƙashinka suka tafi hankali kwance: 'ya'yanka, matarka, mijinki, sabon mai bi da ke kallon sawunka. In an tambaye su, sunanka kawai suke faɗa.

Ran da aka yi ruwan nan, Habila yana cikin rumfarsa, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Masarar da ta ruɓe ta Saraya ce.